Kunkurun Mahaifiyarki Ba Zai Je Makka Ba

Fereej Abdel Aziz,
Doha, Qatar.
6 ga Nuwamba, 2022.

Zuwa ga 'yata Ruƙayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Abdulganiyu da yaran duka. Na ji Mubarika ta sha fama da zazzaɓi a ƙarshen damina, Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya raya mana ita. Ni nan da godiya. Hawan jinin yana inda kika san shi, ƙafafuna kuma suna kai ni masallaci su dawo da ni. Zafi ya sauka, gari ya cika da tutoci, kowa ka taɓa sai zancen ƙwallo, kamar ba a taɓa binne kowa a garin nan ba. Dogara, maƙwabcin ɗakina, zai taho Kano jibi, shi zan ba wannan takarda. Na san za ki ce me ya hana ni kira. Uwata, a waya na iya ƙarya, kin sha ji ba ki sani ba. A takarda kuwa hannuna bai saba da ita ba.

Maganar motar ce. Tun ranar da kika ce kun sami katin shigowa na masu kallon ƙwallo, za ku sauka ranar ashirin da huɗu ga wata, Abdulganiyu ya kalli wasansa, sannan mu uku mu kama hanyar Makka a motar nan ke kina zaune a kujerar mahaifiyarki, tun ranar nake amsa miki da cewa mota lafiya lau, ko yau aka ce a tashi sai tafiya. Ba haka ba ne. Yau kwana goma tana bayan wani gareji a Sanaiya, unguwar bakanikai, giyabos ɗinta ya ƙone. Ba za ta je ko'ina ba. Zan faɗa miki yadda aka yi, don kada ki ji a bakin wani a ɗora wa wanda ba shi da laifi.

Kin tuna na saye ta farkon 2017, watan da kamfanin gas ya sallame ni ya ba ni agogon bango. Wani Bature ne zai koma gida ya sayar mini, mota mai gado biyu, da murhu, da banɗaki. Mahaifiyarki na ganinta ta sa mata suna Kunkuru, wai tana ɗauke da ɗakinta a baya. Ta yi aikin Hajji a jirgi har sau biyu, amma kullum cewa take jirgi ɓarawon tafiya ne, ka rufe ido ka buɗe ka ga Jidda. Kakanta da ƙafa ya je, ta Chadi da Sudan, shekara bakwai, ita ma tana so ta ga ƙasa tana shuɗewa, ta ce a tsaya a yi salla inda ranta ya so. Muka sa ranar bayan ƙaramar salla. Cikin azumin aka rufe iyakar Saudiyya. Na kai motar Ain Khaled, harabar wani babban gida inda Gariba, mutumin Zangon Kumasi, yake gadi, na ce masa wata biyu ne.

Ajiye mota mai giya otomatik ba kamar ajiye kwano ba ne, kuma na san haka fiye da kowa, tunda da shi na ci abinci shekara talatin. Na sa ta a shimfiɗaɗɗen wuri, na sa giya a fakin, na saki birkin hannu don kada ya manne, na tokare tayoyin da duwatsu, na rufe su da buhuna saboda ranar nan da ke cin roba kamar gara. Nakan cire kan batir, na bar tanki a cike. Amma babban abin shi ne, giyabos irin wannan da tafiya yake rayuwa. Man da ke cikinsa sai ya yi zafi ya zagaya, ya jiƙa robobin da ke riƙe shi, in ba haka ba su bushe su tsattsage. Don haka kowace Juma'a bayan la'asar muke zuwa ni da mahaifiyarki. In tayar, in bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, mu fita mu zagaya unguwa na rabin sa'a. In mun dawo ta dafa shayi a murhun, ta miƙa wa Gariba nasa ta taga, ta ce masa yau ma sun dawo daga Makka, ba tsaraba. Shekara uku muna haka. Ni ina zagin masu rufe hanya, ita tana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Ban taɓa ganin wanda ya sha romon ba.

Sauran kin sani. Annoba ta zo aka kulle mu a ɗaki, ta ɗauke ta cikin watan Yuli, aka binne ta mu biyar ne a tsaye, kowa da takunkumi, ke kina kuka a waya. Wata shida bayan haka aka buɗe iyakar. Na ji labarin a rediyo ina wanke kofi ɗaya. Abin da ba ki sani ba shi ne, tun rasuwarta ban ƙara motsa motar ba. Da farko nakan je in tayar, in zauna, injin yana kuka, hannuna a kan giya, in kasa ja. Na san tayarwa a tsaye ba ta wadatar, amma fita ƙofar gidan nan kujerar gefe ba kowa ya fi ƙarfina. Gariba ya ce in ba shi makulli ya riƙa zagayawa da ita, na ce masa mai gadi ya tsaya a ƙofarsa. Allah Ya yafe mini wannan magana. Daga baya na bar gidanmu na Bin Mahmud na dawo wannan ɗaki da muke rabawa mu uku, zuwan ma na daina. Shekara biyu tana zaune a rana.

Watan jiya mai gidan ya aiko cewa zai sauke baƙin ƙwallo, yana son harabarsa nan da mako biyu. Na yi ta cewa gobe har ya rage kwana ɗaya. Na kira masu janwe uku, kowa ya ce sai bayan kwana biyar, ana ta kwashe motoci daga tituna. Ranar Alhamis da hantsi na je, na tarar Gariba ya tara mutanensa, har da wani Issifu mai motar ɗaukar kaya. Muka sa sabon batir, ta yi tari ta yi shiru, man tankin ya lalace. Sai suka tuɓe riguna wai a tura, kamar yadda ake yi wa bolekaja, tsohuwar motar haya, a gida. Na ce musu otomatik ba ta tashi da turi. Issifu ya ce to a ɗaura igiya ya ja ta Sanaiya, tafiyar minti ashirin ce. Na ce ba a jan irin wannan da tayoyin baya a ƙasa, domin in injin ba ya aiki famfon man giya ba ya aiki, ƙarfe zai ci ƙarfe a bushe. Ya yi dariya, ya ce shi ya ja roka daga Tamale har Kumasi ba digiri, ya ce ni Injiniya in yi haƙuri, Najeriya ma a ƙwallo su suka ja ta suka ajiye a gefen hanya, shi ya sa su za su shiga fili mu kuma mu yi kallo. Aka kwashe da dariya, ana yalla yalla, a yi sauri, rana tana yi.

Nan ne laifina, Uwata, ki karanta da kyau. Akwai hanya. Da an shiga ƙarƙashi an kwance farfela, sandar da ke haɗa giya da tayoyin baya, da an ja ta har Dammam ba abin da zai same ta. Noti huɗu ne. Gwiwoyina ba za su bar ni in kwanta a ƙasa ba, girman kaina kuma bai bar ni in roƙi wanda ya gama yi mini dariya ya kwanta a madadina ba. Giyar ma ta ƙi fita daga fakin, su ba su san dabarar ba, da na yi shiru da dole a jira janwe, mai gida ya yi faɗansa ya gama. Ni na ɗauki sukundireba na danna makullin na mayar da ita firi, don in nuna musu akwai abin da na sani. Na hau na riƙe sitiyari. Shekara biyu na kasa fitar da ita ƙofar nan, ranar na fita a ƙarshen igiya kamar saniyar da za a kai mahauta. Ba mu yi rabin hanya ba na ji ƙauri. Na san ko mene ne. Ban buga ham ba, ban ɗaga hannu ba, har muka isa.

Bakaniken, wani dattijo ɗan Sudan, ya zaro sandar awo ya sunsuna, man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi da ɓarɓashin ƙarfe. Ya ce robobin sun riga sun bushe, rabin man ya tsiyaye tun a inda take, jan ya ƙarasa sauran. Ya ce khalas, magana ta ƙare, irin wannan giyabos babu shi a ƙasar, ko an aiko sai bayan watanni. Sannan ya tambayi wane jahili ne ya ja ta haka. Gariba ya yi caraf ya ce shi ne. Na bar shi ya ɗauka. Ni da gwamnati ta tura Ingila karatu, ni da na koyar da yaran da yau suke sa hannu a takardun izinin zamana, na tsaya ina kallon takalmina mai gadi yana rufa mini asiri. Jiya na je Ain Khaled na ba shi haƙuri a gaban matarsa Adjara. Ya ce ba komai, Hajiya ta shayar da shi shayin shekara uku. Adjara ta juya baya tana goge ido.

Wani mai garken raƙuma ya ce zai karɓe ta, ya kai ta sahara makiyayansa su riƙa kwana a ciki. Za a ɗauke ta ƙarshen wata, a kan janwe wannan karon. Na amince. To ga abin da nake roƙo. In kin ji haushina har kin fasa zuwa, ba zan ga laifinki ba, wanda ya yi ƙarya ba ya zaɓen hukunci. Amma in za ki iya, ki zo. Umara za mu je a bas kamar kowa. Kafin nan akwai durowa a ƙarƙashin gadon hagu, inda mahaifiyarki ta shirya kayan tafiyarta tun wancan azumin, takan buɗe ta sake ninkewa. Ban san duk abin da ke ciki ba. Na je garejin sau biyu da jaka, na dawo da ita wayam. Ba na so makiyayi ya zama shi zai fara buɗewa. Ki zo ki kwashe, ni zan tsaya a waje in riƙe miki ƙofa.

Ki gaishe da Abdulganiyu, ki faɗa masa gaskiyar da kanki, kada ki rage don ki kare ni. Ki gaishe da gwaggonki Ajaratu da Zalihatu, da Abdulhakeem in ya zo hutu, ki shafa mini kan Mubarika. Gariba da Adjara suna gaishe ki. Ku riƙa sa mahaifiyarku a addu'a, ni ma in da saura ku sa ni. Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haladu.