Lakar da Ta Zube Tsakanin Bututu Biyu

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da baƙon da muke jira. Yaya nauyin jiki? Ki gaishe mini da mamanki, ki ce mata ƙanenta bai faɗa ruwa ba tukuna.

Bayan haka, jirgin ruwanmu ya tsaya daidai wurin da kika zaɓa, an kuma fara haƙa ƙasan teku. Gadon da za ki kwana a kai da kin zo, wata ɗaliba aka ba, munsharinta har ɗakina. Duk bututun da aka jawo daga ƙasan teku sai mu tsaga shi biyu, in lakato laka da tsinke in duba a madubin ƙara girma. Kin san yadda abin yake, muna nutsawa ƙasa, zamani yana komawa baya. Yanzu muna cikin shekarun da suka biyo bayan halakar. Ƙwanson halittun mitsi-mitsi ne, iri kaɗan, kamar gari bayan annoba. Ke nan mun kusa layin da digirinki ya rataya a kansa, baƙar lakar nan mai kaurin yatsa da ta kwanta lokacin da dutse ya faɗo daga sama ya share yawancin masu rai. Shugaban mahaƙa ya ce bai taɓa ganin tsoho yana rawa saboda taɓo ba sai ni. Kwantar da hankalinki, zan kawo miki ita.

Naki,
Kawu.

Auta,

Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Yaya kumburin ƙafar?

Labarin ba daɗi. Jiya bututu ya fito, gindinsa cike da ƙananan nan da suka tsira. Na biyu ya fito, bakinsa cike da manya, ɓul-ɓul da su, ba su san abin da ke tafe ba. Layin kansa ya faɗa tsakanin bututun biyu, ruwan haƙa ya wanke shi. Na bi bakin ƙarfen da cokali, ko ɗigo ban samu ba. Shekara miliyan sittin da wani abu lakar nan tana kwance tana jira, a hannunmu ta zube.

Amma kada ki yi kuka. Akwai sauran lokacin rami guda kafin a juya gida. Ko dai a sake haƙa a nan, ko a matsa gaba inda wasu ɗalibai biyu suke son nasu samfurin. Gobe za a zauna, kuma ni ne shugaban zaman. Na san wa'adin karatunki bana zai ƙare.

Kawunki.

'Yata,

Barka da arziki! Allah Ya raya shi, Ya ba ki lafiyar shayarwa. An ce hancin ubansa ya ɗauko, sai haƙuri.

Na yi kwanaki ina juya yadda zan faɗa miki. Ba a sake ramin ba. An zauna a ɗakin cin abinci, aka yi ƙuri'ar ɗaga hannu, hannuwa suka zo daidai, kowa ya juyo yana kallona. Hujja tana wajenki, domin yaran nan biyu suna da tsohon samfuri a ma'ajiya da za su iya lallaɓawa da shi, ke kuwa ba ki da komai. Har na buɗe baki, sai shugaban mahaƙa ya yi dariya ya ce a sake kawai, ai 'yar Malam ce. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni kuwa sai na ji kunya ta rufe ni, na ji bakina yana cewa a matsa gaba.

Auta, da 'yar wani ce, da na daki tebur har sai an sake. Ni na jawo ki cikin wannan karatu tun kina tsinto mini duwatsu a aljihun rigar makaranta, ga shi na hana ki abin da zan ba bare, don kawai kada a ce. Idan na sauka zan bi ofis-ofis neman ƙarin wa'adi, amma ba zan sake yi miki alkawari ba.

Mamanki ta ce kuna shirin sa wa yaron sunana. Shi ya sa na rubuto tun kafin ranar, don ki yanke shawara kina sane.

Ki shafa mini kansa.

Kawunki.