Firin Gandun Baba

Lahadi, 13 ga Yuni, 1971

Kurkunu ya fito mini a idon sawun dama. Wani kuma yana gwiwa bai fasa ba tukuna, zafi kamar an ɗora garwashi. Sai yanzu da dawa ta tsiro, gandu yana jiran firi, noman farko. Matata Laure ta naɗe kan tsutsar a tsinke, ta ce kada in motsa, in ta tsinke a ciki na shiga uku. Karatun yaƙi da jahilcin nan ya yi rana, ga ni kwance ina ɓata takarda.

Laraba, 16 ga Yuni

Ƙanena Sulle ya zo dubiya. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ban ɗaga kai na dube shi ba. Tun shekarar da ya bi 'yan mishan ya ƙi riƙe mini akuyar yankan tsafin shuka na fitar da shi daga gandu, ya koma hayin rafi da matarsa Mariya, yana noma gonar aro. Ya durƙusa a bakin ƙofa, "Yaya, ya jiki?" Na juya wa bango fuska. Yana fita na ji yana gaya wa Laure ta riƙa tace ruwan tafki da ƙyalle. Ruwan da Baba ya sha har ya tsufa! An ce mai wa'azinsu yana koya musu wai su fitila ne a cikin duhu. To mu ne duhun ke nan. Ni da na goya shi.

Talata, 22 ga Yuni

Ciyawa ta kamo dawa tsawo, in ji Laure. Ita kaɗai ta yi abin da za ta iya, gandu ba 'yar gayaunar mutum ɗaya ba ne.

Asabar, 26 ga Yuni

Na aika a kira gayya. Kowa tambayarsa ɗaya: tulu nawa za a dafa? Rumbu ya yi ƙasa, in na dafa giya da abin da ya rage, me za mu ci kafin gero ya nuna? Mijinyawa, abokina tun muna kiwon awaki, ya ce ko ba giya zai zo da mutanensa. Yau ce ranar. Ko karensa ban gani ba. Mutanen da suka sha giyata har suka kwana a kunya, ka ji.

Talata, 29 ga Yuni

Laure ta shigo a guje, wai akwai mutane a gandu. Sulle ne da Mariya da sauran 'yan hayin rafi, maza da mata, ba ganga ba tulu, suna noma suna waƙoƙinsu na mishan a kan ƙasar Baba. Da la'asar sai ga Mijinyawa, yau ƙafarsa ta san hanya. Ya ce, "Lado, kai yaro ne? Wa yake noma a banza? Ya nome a gaban shaidu, kaka ta yi ya tsaya gaban dagaci ya ce a raba." Gaskiya ya faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sun jira na kwanta.

Laraba, 30 ga Yuni

Na sa aka ɗora ni a jaki. Kowane taku sai na ji har ƙwaƙwalwa, amma na isa. Na zage su tas, ban bar kowa ba. Na ce ɓarayi masu waƙa. Na sunkuyo na ɗauki hoge na jefi Sulle, ya kuskure shi ya sami Mariya a kunne, har da jini. Na ɗauka za su taso mini, da ma abin da nake so ke nan. Ita dai ta dafe wurin da gefen zane. Sulle ya ce, "Yaya, sauka za ka yi ko mu riƙe ka? Ƙafar tana zubar da ruwa." Suka saɓa fartanyu suka tafi. Wannan sanyin nasu ya fi zagi ciwo, da gangan suke yi.

Tsutsar ta tsinke a hanya. Laure ba ta yi mini magana ba har yanzu.

Litinin, 5 ga Yuli

Ƙafa suntum. Zazzaɓi. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ciyawa ke murna.

Alhamis, 8 ga Yuli

Dagaci ya zo da kansa, da dattawa biyu da Mijinyawa, Sulle a bayansu. Na ce to, ga ranar ta zo, Sulle ko kakar bai iya jira ba. Na tashi zaune na shirya bakina.

Bayan gaisuwa dagaci ya ce Sulle ne ya roƙe shi ya zo ya ji magana. Sulle ya cire hula. Abin da na riƙe: "Ranka ya daɗe, ku shaida. Gandun nan na Yaya ne. Rabona da ke ciki na bar masa, ni da 'ya'yana, ba za mu nema ba har abada. Abu ɗaya nake roƙo, ya bari mu yi firi kafin dawa ta mutu." Dagaci ya tambaye shi har sau uku ko ya san abin da yake yi, ya ce rabi fa ake magana. Ya ce ya sani.

Aka juyo gare ni. Duk maganar da na tanada ta gudu. Na ce su yi abin da suka ga dama. Mijinyawa ya fice ba sallama.

Wauta ce. Mutum da 'ya'ya uku a gonar aro.

Talata, 13 ga Yuli

Suna can. Laure ta dama kunu ta kai musu, ba ta tambaye ni ba, ni ma ban gani ba.

Jumma'a, 30 ga Yuli

Sun yi maimai, sun fara huɗa. Mariya ce take wanke mini ƙafa da ruwan zafi in Laure ta tafi gona. Tabon yana nan a kunnenta. Ba ta taɓa ambata ba, ni kuwa na ƙi jinin in ga ta juyo da wannan gefen.

Lahadi, 15 ga Agusta

Na taka da sanda har gandu. Dawa ta yi baƙi ƙirin, ta wuce kaina, rabon da in gan ta haka tun Baba yana da rai. Daga nan na ce bari in gwada ƙafar a rafi, sai ga ni a gonar aron Sulle. Ban gane ta ba. Ciyawa har ƙugu, dawar ta yi ja, siririya kamar tsintsiya. Ashe ko firi bai gama ba. Laure ta sani, ba wanda ya gaya mini.

Ba kowa a wurin, yau ranar addu'arsu ce, ba sa taɓa aiki, ina jiyo waƙarsu daga ɗakin ibadarsu. Fartanyarsa tana rataye a ɗorawa. Na sauke don in duba bakinta, ya dakushe, kullum haka yake barin ƙarfe. Na wasa a dutse. Kunya huɗu na yi a durƙushe kafin ƙafar ta hana ni. Ba don komai ba, ciyawa ce ba na son gani.

Na mai da fartanyar inda take. Gobe in zo da tawa, tasa ƙotar ta yi mini gajarta.