Kwalbar Sadi

Gure, 4 ga Maris 1998

Zuwa ga autata Sumayya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da zafin Yamai. 'Yarki A'i ta manta da nono sarai, yanzu ludayina ne abin rigimarta.

Bayan haka, Sadi ɗan baffanki Idirisa ya zo daga Faransa. Da ya ji tarin babanki sai ya zaro wata 'yar kwalba, wai a tofa kaki a ciki ya tafi da shi. Wai a wurin aikinsu suna da wani zare da ido ba ya gani, ADN sunansa, sun liƙa masa haske. In ya gamu da ƙwayar tarin fuka sai ya kama ta ya haskaka, su ɗauki hoto.

Sumayya, ni ba yau aka haife ni ba. Shekara uku ubansa yana ja da babanki a kan lambun dabinon nan, ko gaisuwar Salla babu, sai yau ɗansa ya zo neman abin da ya fito daga ƙirjin mijina? Ni da ko farcen babanki binnewa nake yi! Ruwa ba ya tsami banza. Babanki kuwa kin san shi, kowa nasa ne. Ya tofa ya ba ni in rufe. Na zubar a masai, na wanke kwalbar, na tofa nawa. In sammu ne ya faɗo kaina. Ki riƙe wannan a cikinki.

Ki gaida surukina. Mahaifiyarki, Habsu.

Gure, 20 ga Mayu 1998

Zuwa ga Sumayya,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Mu dai sai godiya.

Asiri ya tonu! Sadi ya aiko da hoto, baƙi ƙirin da ɗige-ɗige kore kamar idon kyanwa cikin duhu, wai ƙwayoyin ne, a gaggauta magani. Na yi dariya a zuci. Kakin wa? Ni da nake daka da surfe da hannuna? So suke a ce babanki ya zama majinyaci, lambu ya koma hannun Idirisa.

An raba wa babanki, bawan Allah, kwano da moɗa har mako biyu, abin ya ci mini rai. Da aka kai shi Damagaram lokotoro ya auna sau uku bai ga komai ba, ya ce taba ce, ya bari. Yanzu ko a kasuwa Hamsatu mai kanwa dariyar Sadi take yi, wai ya ƙetare teku ya koyo kunna fitila a majina. Ya sake rubutowa yana rantsuwa cewa haskensu ba ya kama banza. Ban bari an amsa ba.

Ki aiko mini da maganin mura, 'yar tari ta dame ni. Zanena ma sai na ƙara ɗauri, zafin bana ne.

Mahaifiyarki, Habsu.

Gure, 9 ga Yuli 1998

Sumayya 'yata,

Ina fatan kina lafiya. Ni ba zan ce miki lafiya ba.

Shekaranjiya ina shara na yi tari, na ga jini a bakin mayafina. Na ɗauko hoton nan daga ƙasan adaka na daɗe ina kallo. Yaron nan bai yi ƙarya ba. Ƙirjina ya gani tun watan Maris, ni kuma na bar gari yana yi masa dariya.

Na faɗa wa babanki. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Takalmi kawai ya sa ya nufi gidan Idirisa, gobe su biyu za su kai ni Damagaram. Har yanzu ban ce na yarda da Idirisa a kan lambu ba, amma ba wannan ke hana ni sukuni ba.

Mako biyu aka yi ana tsare A'i daga kwanon kakanta, alhali wata huɗu ke nan a ƙirjina take barci, ni nake hura mata kunu, ludayinmu ɗaya. Tun Juma'a take tari, kuma ta ƙi fura. Tsoro nake ji, Sumayya, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ki hau motar farko ki zo ki ɗauki 'yarki. Ki yafe mini in kin iya. Ni kunya ba za ta bar ni in rubuta wa Sadi ba, ke ki rubuta. Ki faɗa masa duka, ki tambaye shi ko yana da wata kwalbar, ta yara.

Mahaifiyarki, Habsu.