Ya Sake Kawo Mini Tamfol In Ɗinka Fukafukan Jirgi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni tela ce, ina aure a ƙasar Gummi, 'ya'yanmu biyu. Maigidana mai walda ne, shi ke gyara wa masu haƙar zinare injinan niƙa. Tun kafin a kawo ni gidan, shi da yayansa suke da haukan ƙera jirgin sama, ɗan ƙarami mai kujera ɗaya, da injin babur da bututun ƙarfe, wai wata rana sai mutum ya je Anka bai bi ta daji ba. Ni dariya nake musu wallahi, har ranar da sunka kawo mini tamfol sunka ce in ɗinka rigar fukafukai. Na zauna na yi musu ɗinki ninki uku da zaren masu takalmi, allura nawa na karya ban sani ba.

Maigidana ɗan siriri ne, shi anka shirya zai tashi. Sun rataye jirgin a reshen tsamiya, sunka ɗora buhun gero daidai nauyinsa a kujera, sunka yi ta gyara har ya tsaya bai rinjaya ba. Ranar gwaji a wani fako bayan gari, jama'a sun taru har da dattawan unguwa, sai Yaya ya cire hula ya ce ina anka taɓa yi ƙane ya sha gaban wansa, shi zai fara. Yaya kuwa ƙato ne. Maigidana ya ce masa akwai maganar nauyi, Yaya ya harare shi, dattawa sunka ce a bar wa babba. Shi ke nan maigidana ya bar masa kujerar, don bai taɓa musu da Yaya gaban mutane ba. Jirgin bai wuce tsayin giginya ba ya kifo da hanci. Kafin a kai Yaya asibiti rai ya yi halinsa, Allah ya jiƙan shi.

Ranar sadakar uku Inna, mahaifiyarsu, ta kira maigidana a gabana, ta ce in ya sake taɓa ƙarfen jirgi ba ta yafe masa nonon da ya sha ba, duniya da lahira. Inna ba ta magana biyu, ga hawan jini ya kama ta tun rasuwar.

To tun lokacin mutumin nan bai dawo daidai ba. A gari ana nuna shi, wai ga wanda jirginsa ya kashe wansa. Kullum maganarsa jirgin ba shi da laifi, sai ya nuna wa duniya. Ashe zuwan da yake yi wajen Bukkuyum da sunan aiki, wani jirgin yake haɗawa a garejin abokinsa! Satin da ya wuce ya shigo mini da sabon tamfol a cikin buhu. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce marayun Yaya da yake ciyarwa ba su ishe shi ba sai ya ƙara da nawa? Ya ce ko na ɗinka ko ban ɗinka ba, ana gama girbi zai tashi, in na ƙi zai kai wa masu ɗinkin rumfa a kasuwa. Na san aikinsu, layi ɗaya suke yi, iska kaɗan ya ɓarke.

In na ɗinka, ji nake kamar likkafaninsa nake ɗinkawa. In na ƙi, zai hau sama da ɗinkin kasuwa. In na faɗa wa Inna, ko ta tsine masa ko ta faɗi, wataƙila duka biyun. Dattawan kuma su ne sunka ce a bar wa babba, kuma duk abin da ya shiga kunnensu kafin la'asar yana wajen Inna. Tsoro nake ji wallahi.

Jiya Inna ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, tana ta sa masa albarka, wai Allah ya bar mata ɗa mai jin magana. Tamfol ɗin yana ƙarƙashin gadon, daidai dugaduganta.

An fara yankan gero a gonakinmu. Don Allah jama'a, in sa allura ne, ko in buɗe baki?