Fuskar da ke Bangon Nan Ba ta Awudu Ba ce

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Tunawa da Marigayi Awudu Mai Molo, Nima.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Allah ya taya ku riƙo.

Sunana Seidu Mumuni, amma a unguwannin Nima da Maamobi an fi sanina da Ticha Seidu, ko da yake na daɗe da ajiye alli. Na san mahaifinka, Allah ya jiƙansa, sahu ɗaya muka yi salla shekara da shekaru. Ban so in yi maka magana a bainar jama'a ba. Na zo ofishinka ba sau ɗaya ba, na zauna a benci har la'asar, kullum sai a ce ka fita ko kana taro. A zuwana na ƙarshe sakatarenka ya saurare ni, ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ai fenti ya riga ya bushe." Shi ya sa na kawo maganar inda kowa zai karanta.

Ga ta a taƙaice. Mutumin da kuka sa aka zana a dogon bangon da ke kallon babbar kwata, wanda kuka lulluɓe da yadi za ku buɗe ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah da sunan Awudu Mai Molo, ba Awudu ba ne. Ni ne. Fuskata ce, da wushiryata, da tabon da ke girata ta hagu. Ni kuwa ina nan da raina, kuma ban taɓa kaɗa molo ba.

Na farko, bari in faɗa muku wane ne Awudu, tunda yawancinku a waya kuka san shi.

Gida ɗaya aka haife mu, ƙofar ɗakinsu tana kallon tamu. Ni aka kai ni boko, shi aka kai shi koyon gyaran risho da fitila, kuma a kan wannan sana'a ya rayu har ya koma ga Allah, a wata 'yar rumfa bakin lungunmu. Ban taɓa ganin namiji mai kunya irin tasa ba. In mace ta kawo gyara, risho yake kallo har ta gama bayani. In aka gaishe shi da ƙarfi daga tsallaken titi, sai ya rasa inda zai sa kansa. Waƙa kuwa ba ya iya yinta sai ya juya wa mutane baya. Bayan la'asar zai ɗauki molonsa, ya zauna a kan wani tsohon turmi da aka kife a tsakar gida, ya fuskanci bango har gwiwarsa ta kusa taɓa shi, sannan ya fara. Mu kuma mu zauna a bayansa. In wani ya zagaya don ya leƙa fuskarsa, nan take molo ya yi shiru, kuma an gama ke nan sai gobe. Duk wanda ya taɓa jin Awudu da kunnensa, ƙeyarsa ya kalla. Wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a share da fenti. Haka mutumin yake.

Na biyu, abin da ya sa ba a san shi ba sai da ya mutu.

Awudu bai iya roƙo ba. Bai taɓa sa sunan mai kuɗi a waƙa ba, bai taɓa wasa wani alhaji a gidan biki ba. Waƙoƙinsa shi yake tsara abinsa, kuma a kanmu yake yi. Ya yi ta matan da ke jeren bokiti a bakin famfo tun kafin rana ta fito. Ya yi ta shekarar da kwata ta cika ta shigo ɗakuna, aka ga tukwane suna iyo a lungu. Ya yi wadda yanzu kuke kira Waƙar Makulli, wadda direbobin motocin haya na trotro suke sawa daga unguwar Kawukudi har ta Madina, wadda 'ya'yanmu da ke ƙasashen waje suke ji su yi kuka. Na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa waƙar soyayya ce. Ba ita ba ce. Shekarar da gwamnati ta kori baƙi marasa takarda, akwai wani tsoho Bazabarme mai sayar da albasa a gidanmu. Ranar da zai hau mota ya kulle ɗakinsa, ya miƙa wa mahaifiyar Awudu makulli, ya ce ta ajiye masa, zai dawo in abu ya lafa. Ba a jima ba mai gida ya fasa kwaɗon ya ba wani haya. Tsohon bai dawo ba, ba mu kuma sake jin labarinsa ba. Amma matar nan ta rataye makullin a ƙusa, kuma yana nan rataye har ta rasu. Abin da waƙar ke faɗa ke nan. Ba zagin kowa a ciki, ba sunan kowa. Duk ɗan Zango, wato unguwannin baƙi irin tamu, da aka taɓa tambayarsa daga ina ya zo alhali a nan aka yanke cibiyarsa, ya san abin da take nufi.

Irin wannan waƙa ba ta kawo liƙi. Masu biki suka ce mawaƙin da ba ya kallon mutane ba mawaƙi ba ne. An taɓa lallaɓa shi aka kai shi gidan rediyo, da ya ga an sa masa kujera tana kallon gilashi da mutane a ciki, sai ya ce zai zaga bayi, bai tsaya ko'ina ba sai Nima. Aka yi ta dariya. Cikin waɗanda suka yi dariyar har da mutanen da yau nake ganin sunayensu a takardar gayyatarku. Ba zan kira suna ba, sun san kansu. Da ba don ƙanwarsa Hajiya Adiza ba, da ba abin da za ku tuna. Ita ce take ajiye rediyo mai kaset a bayansa ta rufe da kwando, tana ɗaukar waƙar. Ya sani, bai hana ba, bai kuma taɓa cewa a sa masa ya ji ba. Sai bayan rasuwarsa 'yarta ta kwashe kaset-kaset ɗin aka juye su a waya, daga nan muryar ta bazu. Ranar jana'izarsa ba mu cika sahu mai yawa ba. Yau ga shi ana zuwa daga jami'a ana tambayar inda rumfarsa take.

Ina alfahari da wannan, Alhaji, kuma ba na so a ɗauka ina baƙin ciki da aikinku. An daɗe ana kawo sunan Nima a jarida in an yi faɗa ko an kama ɓarawo. Yau ana kawo shi saboda mai gyaran risho ya faɗi abin da manyan masu ilimi suka kasa faɗa a kanmu. Duk sanda na ji muryarsa tana fitowa daga shagon aski, sai in rage tafiya, in ji ƙirjina ya cika.

Na uku, yadda kuskuren ya faru.

Hoton da kuka samo daga magadan tsohon mai hoton unguwa kuka ba mai zane ya kwafa, ranar sunan 'yata ta fari aka ɗauke shi. Bayan an watse daga cin abinci muka roƙi Awudu ya yi mana waƙa, ya ɗauko molo. Bai kai ga zama ba sai ga mai hoto ya shigo ya kafa na'urarsa. Awudu na ganinsa ya tura mini molon a cinya, ya juya ya fuskanci bango. A daidai nan aka ɗauka. Shi ya sa kuka ga saurayi a tsakiya yana dariya, riƙe da molo kamar wanda aka ba jariri bai shirya ba. Ku sake duban hoton. A gefen hagu akwai mutum da hula, ƙeyarsa kawai ake gani, da kunne ɗaya, da kafaɗa. Wannan shi ne Awudu Mai Molo. Iyakar sanina, ba shi da wani hoto a duniya sai wannan. Shi kuka yanke kuka yar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a hoton ina sanye da farar riga da nakatayi, irin shigar malaman makaranta na lokacin. A bango kuwa an sa mini batakari, rigar saƙi ta Arewa. Ke nan wani a cikinku ya duba ya ga nakatayi bai dace da mai molo ba. Maimakon ya tsaya ya tambaya, sai ya cire nakatayin. Daga ofishinku zuwa ƙofar Hajiya Adiza ba a hawa mota. Daga ofishinku zuwa masallacin da tsofaffin lungunmu ke zama bayan azahar ba a hawa mota. Ba wanda ya tako.

Na huɗu, abin da ya same ni.

Kafin ku lulluɓe bangon, unguwa ta riga ta gani. A masallaci sa'o'ina sun samu abin yi. In na shigo sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙan Ticha Seidu, mutumin kirki ne." Sauran su amsa da amin. Mai kokon bakin layi da nake saye wurinta kullum ta ce, "Ticha, ashe kai ne kake ɓoye mana? To yi mana ko baiti ɗaya, in ƙara maka ƙosai." Waɗannan na iya dariyarsu, don sun san gaskiya. Wanda ban iya dariyarsa ba shi ne ɗan kwamitinku da ya tare ni a hanya ya dafa kafaɗata ya ce, "Ticha, ai ka ci riba, ka shiga tarihi." Ya ƙara da cewa baƙin da za su zo daga waje fuska suke so su gani, ba ƙeya ba.

Ga amsata gare shi. Na shiga boko lokacin da iyayen Zango ke tsoron boko. Na yi karatu, na koyar, na ɗaura nakatayi ina ganin ƙasar nan ta tanadar wa irinmu wuri. Na gama aiki na dawo ɗaki ɗaya, a gidan da aka haife ni. Ɗalibaina manya ne yanzu, suna ɗaga mini hannu ta bayan gilashin mota. Na san ba wanda zai zana ni a bango don kaina, ban kuma nema ba. Amma a duk rayuwata abu ɗaya nake da shi wanda ba a ƙwace ba, ba a rage ba: na zauna a bayan Awudu tun muna yara har muka yi furfura, na ji waƙoƙin nan kafin kowa ya ji. Wannan ya ishe ni. Ba zan sayar da shi don in tsaya a wurinsa da rigar aro ba. Yana raye kun ƙi sauraronsa don ba ya nuna fuska. Ya mutu kuma za ku ba shi fuskar wani don ku ji daɗin kallonsa.

Na biyar, Hajiya Adiza. Kun aika mata cewa ita za ta ja igiya ta yaye yadin. Idonta ya yi rauni, daga nesa ba ta rarrabe mutum. Ke nan za ku tsayar da ita a gaban jama'a da masu ɗaukar hoto, ta nuna fuskata ta ce ga yayanta. Na je na yi mata bayani. Sannan ta ce ita ko a cikin taron Idi ta hango ƙeyar Awudu za ta gane shi, amma wannan da ke bango, in ba shi ba ne, a nemi wata ta ja igiyar. Kuma na ji an ba da aikin buga riguna da wannan fuskar. Bango ana iya sake masa fenti. In riguna suka shiga kasuwa, hoton ya shiga jarida da waya, babu mai iya kiran su su dawo, kuma jikokinmu za su tashi suna kallon malamin makaranta suna cewa Awudu.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka, cikin girmamawa.

A dakatar da buga rigunan yau, ba gobe ba.

A share fuskata daga bangon. Mai zanen ba shi da laifi, abin da aka ba shi ya zana, kuma hannunsa yana da kyau. A mayar masa da hoton gaba ɗayansa, ya zana mutumin da ke gefen hagu yadda muka san shi: zaune a kan turmi, molo a hannu, ya juya baya, yana fuskantar bango. Ni da Hajiya Adiza za mu zauna da shi mu faɗa masa yadda kafaɗar take karkata in waƙa ta kama shi. Maganar ko zanen mutum ya halatta na bar wa malamai, amma ina jin ko su za su fi samun natsuwa da ƙeya.

In lokaci ya ƙure, a ɗaga bikin. Wanda ya jira har ya mutu ba a kula shi ba, 'yan makonni ba za su dame shi ba.

In kuwa kun ga fenti ya bushe ba yadda za a yi, to ina sanar da ku tun yanzu don kada a ce na yi muku ba-zata. Ranar Asabar ɗin zan yi wanka, in ɗaura tsohon nakatayina, in ɗauki kujerata in zauna a gindin bangon tun kafin baƙi su iso. Ba zan yi hayaniya ba, ba zan taɓa kowa ba. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi bango, ya sauke ya dube ni, zan gaishe shi in faɗa masa sunana.

Allah ya jiƙan Awudu, ya yalwata kabarinsa, ya saka wa Hajiya Adiza da alheri. Kai kuma Alhaji, Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya jiƙan mahaifinka, ya ba ka ikon gyara wannan tun yadin yana rufe.

Wassalam.

Ticha Seidu Mumuni,
Nima.