Rabon Tudor

Litinin, 15 ga Mayu

Jikata Ilinca ta manna wani akwati a jirgin samanta na feshi. Wai tauraron ɗan Adam ke gaya masa inda take, ita ta danna masa yawan man da na zuba, shi kuma ya riƙa faɗa mata abin da ya rage da inda zai kai ta. Na ce ya taɓa leƙa tanki? Ta ce, "Kaka, kai ma ba ka taɓa leƙa aji ba, ga shi kana rubutu." Bakin uwarta sak. A soja na koya, ina ruwanta.

Laraba, 17 ga Mayu

Sauro ya taso a fadamar kogin Danube, feshi ba hutu. Na zuba man da ta ce. Tana juya baya na ƙara jarka guda. Rabon Tudor ke nan, ɗana, ubanta. Mai ne ya ƙare wa jirginsa a saman kyauron fadama, yana hango filin saukarmu. Mutane sun manta, ni da na ɗauko gawarsa ban manta ba. Tun ranar ba jirgin da ya bar hannuna babu rabonsa. Ban gaya wa mai rai ba, balle akwati.

Juma'a, 19 ga Mayu

Ta sauko tana ƙunƙuni. Akwati ya ce mai ya yi ƙasa, ta katse feshi, ta tsoma sanda a tanki ta tarar da saura da yawa. Ta ce, "Anya abin nan ƙalau yake?" Na ce ai na faɗa! Daɗi har kunne.

Talata, 23 ga Mayu

Jarka uku na ƙara yau. Tunda mahaukaci ke yi mata lissafi a sama.

Alhamis, 25 ga Mayu

An kwana ana ruwa, fili ya yi laka. Jirgi ya yi ta gudu ya ƙi tashi. Ya ƙi. Sai dab da bishiyoyin ƙarshen fili ya ɗaga, na ga rassa sun girgiza. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

Da ta dawo ta ciro ganye daga ƙafar jirgi ta sa mini a hannu. Da ma a ce ihu ta yi mini, da ya fi sauƙi. "Kaka, nawa ka zuba?" Na ce na ubanki ne. Ta ce, "Da nauyin man da na ce maka nake auna maganin feshi. Rashin mai ya kashe Baba, ni so kake yawansa ya kashe ni?" Ta zare makullin famfon mai daga wuyana.

Lahadi, 28 ga Mayu

Makulli na hannun Costel makanike, wanda bai san bambancin mai da miya ba. Ni ko oho.

Laraba, 31 ga Mayu

Ban je fili ba. Daga gida ma ana jin tashinta.

Asabar, 3 ga Yuni

Asabar ɗin matattu, ranar da muke ziyarar kaburbura. Na tarar ta riga ni kabarin Tudor, da dafaffiyar alkama ta sadaka da kyandir. Ashe tana zuwa duk shekara, da sassafe, don kada in ga tana kuka. Ta miƙo mini makulli. "Tsoho mai taurin kai, zuba wa Baba rabonsa. Amma ka faɗa wa akwati, ni kuma in rage magani."

Muka wuce fili. Maɓallan akwatin ba don yatsan mutum aka yi su ba. Na yi ta kuskure tana dariya. Jarka guda na ƙara, na danna masa gaskiya, ya karɓa bai yi musu ba. Nan kam ya fi jikata tarbiyya.

Ba wai na yarda da shi ba ne.

Ganyen yana aljihuna.