Na Ce wa Baba Mun Fita Daga Harami

Daga admin: wani ɗan uwa mazaunin Makka ne ya turo, ya roƙi a sakaya sunansa. Ga shi yadda ya rubuto.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don girman Allah shawara nake roƙo, kuma kwana huɗu gare ni kafin Asabar. Amma ina so ku sani tun farko, abin ya faru mako biyar da suka wuce, na juya shi a kaina har ban ƙara bambance abin da idona ya gani da wanda zuciyata ta ƙara ba. Duk inda na ce "ina jin", to ina jin ɗin ne. Sunaye kuma duk na canza su.

Na gama digirina na shari'a a gida, Allah Ya kawo ni Makka ƙaro karatu, ina zaune a Aziziyya tare da wasu ɗalibai. Ni mutum ne mai shakka, na san halina. Idan aka yi min tambaya nakan ce bari in duba, ko in ce malamai sun yi saɓani, har abokaina suka laƙaba min "Ustaz Fihi Ƙaulani", wato mai magana biyu a kan komai. Ina dariya idan sun faɗa, amma gaskiya yana yi min ciwo.

A shekarata ta farko na haɗu da wani dattijo, zan kira shi Baba Haruna, yana da ɗan shago a Misfala inda yake sayar da darduma da tazbaha da turare. Iyayensa da ƙafa suka taho ta Chadi da Sudan, shi a goye aka shigo da shi garin nan. Da ya ji sunan garin mahaifiyata sai ya ce can ne tushen kakarsa, daga ranar na zama ɗan gida. Duk Juma'a a gidansa nake cin abincin rana, Hajiya matarsa har ta san ba na son yaji da yawa. Lokacin da na kwanta zazzaɓi shi ya hau bene hawa huɗu da sandarsa ya kawo min kunu. Mahaifina ya rasu ina aji biyu a sakandare, don haka ku gane matsayin mutumin nan a wurina.

Baba maharbi ne. Idan lokacin da hukuma ta yarda a yi farautar tsuntsaye ya zo, yakan ɗauki bindigar iskarsa da lasisinsa ya fita daji. Wata rana na ba shi labarin kakana, wanda ya yi suna a harbin barewa, yana kuma kashe mugun dawa idan ya addabi gonaki ya bar shi nan ko taɓawa ba ya yi, na ce ni kuwa ko danƙo ban taɓa riƙewa ba. Baba ya kama baki ya ce, "Jikan maharbi? La haula. Ai wannan abin kunya ne, ni zan wanke wa kakanka." Da gwangwanin tumatir ya fara koya min. Yadda ake kwantar da kunci a jikin bindiga, yadda ake riƙe numfashi, a yi bisimilla kafin a saki, a ruga a yanka in da sauran rai. Ya hana ni harbin tsuntsuwar da ke kan sheƙa. Sau uku muna fita can nesa da gari ban sami ko gashin tsuntsu ba. Ɗansa Fahad, wanda shi ke tuƙa mu, haifaffen nan ne, Hausarsa rabi Larabci, kullum cewa yake, "Ya shek, kafin ka gama istihara tsuntsu ya kai Jidda."

Ga waɗanda ba su sani ba, Makka tana da iyaka da ake kira Harami, a cikinta ba a farauta, ko mutum yana da harama ko ba shi da ita, ko ciyawa ba a cirewa. Baba yana girmama wannan fiye da duk wanda na sani. A saman gidansa yana da kwanon ruwa da na hatsi don tattabaru. Sau da yawa na ji ya ce shekarunsa duk a garin nan ya yi su, bai tara dukiya ba, bai yi karatu ba, amma abu ɗaya zai je wa Allah da shi, bai taɓa firgita ko tsuntsu ɗaya na Harami ba. Yanzu idonsa ya yi rauni, na kusa yana gani, duwatsun nesa kuwa sun zama masa hayaƙi. Shi ya sa tun fitarmu ta farko ya ce min, "Ni na koya maka harbi, kai kuma ka riƙe min iyaka. Kai ne malami."

Fita ta huɗu, ranar Asabar bayan sallar asuba, Fahad ya ce wani mai raƙuma ya gaya masa wani kwari ta kudancin gari inda kurciyoyi ke sauka shan ruwa. A motarmu akwai Baba da Fahad da ni da abokin karatuna Mustafa, sai wata mota a bayanmu da ɗalibai biyu da suka biyo mu shan shayi kawai. Mun bi babban titi, mun wuce alamar ƙarshen Harami, wannan na gani da idona, ba na shakkarsa. Bayan ɗan lokaci Fahad ya sauka daga kwalta ya yi hagu, muka shiga rairayi, muka zagaya wani dutse, ina jin ya sake yin hagu. A nan ne wani abu ya ɗarsu a raina, cewa kamar komawa muke yi wajen gari. Iyakar Harami ba da'ira ba ce, kan duwatsu take bi tana lanƙwasa, a aji na karanta wannan, har jarrabawa na rubuta a kai.

Da muka tsaya Baba ya juyo ya ce, "Ustaz, mun fita?" Na buɗe baki zan ce bari mu duba, sai Fahad ya riga ni, ya ce, "Yalla, yanzu za mu ji ƙauli biyu, mu zauna har azahar." Mustafa ya tuntsire da dariya. Ni kuma sai na ji kaina ya yi zafi, na ce, "Mun fita, Baba, ba shakka." Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Ban duba komai ba. Waya tana aljihuna, taswira tana ciki, minti ɗaya ya ishe ni. Na faɗa ne don kada a yi min dariya.

Ranar kuwa na yi sa'a irin wadda ban taɓa yi ba. Ina jin na harbo uku, Baba biyu, ko da yake Mustafa ya ce huɗu ne gaba ɗaya. Da ta farko ta faɗo Baba ya rungume ni har hularsa ta faɗi, yana cewa, "Jinin ya motsa! Kakanka ya ji a kabari!" Hajiya ta soya su ta ɗora a kan shinkafa, aka aika wa maƙwabta biyu, Baba ya riƙa nuna wa duk wanda ya shigo shago hotona riƙe da tsuntsayen.

Hoton nan ne ya tayar min da hankali. Mako biyu bayan haka ina kallonsa, na ƙara girmansa don in tura wa mahaifiyata, sai na hango wani ɗan ginshiƙi a kan dutsen da ke bayana. Alamar iyaka ce. Na kasa cin abincin kirki kwana uku, daga ƙarshe na ɗauki tasi ni kaɗai na koma, na sa mai tasin ya jira a bakin kwalta na taka da ƙafa. Na sami ginshiƙin. Matsalar ita ce akwai itatuwan ƙaya manya guda biyu masu kama da juna, ɗaya a ɓangaren Harami, ɗaya a waje, tsakaninsu bai fi tafiyar minti biyar ba, kuma dukansu akwai tokar wuta da kashin raƙuma a gindinsu. A gindin ɗaya daga ciki muka zauna, a nan muka yi harbi. Na tsaya a nan na ɗauki hoto, na tsaya a can na ɗauka, na gwada da na farko, kuma wallahi duk biyun suna iya zama. Wayata ba ta ajiye wurin da aka ɗauki hoto, ni na kashe abin da hannuna tun da daɗewa. Idan kun matsa min in zaɓa, zuciyata ta fi karkata ga na ciki. Amma zuciyata kullum ga mafi muni take karkata, wannan ma na sani.

Na fara gaya wa Mustafa. Ya ce waswasi ne, mun ga alamar titi da idonmu, shakka ba ta rushe yaƙini, in bar tsoho ya huta. Na ce masa ai ni ba ni da yaƙinin tun farko, ƙarya na yi na ce ina da shi. Sai ya ce to in yi istigfari, in yanka dabbar fansar da ta hau kaina a ɓoye, magana ta ƙare. Na yarda zan yi nawa, don a abin da na karanta kuskure ba ya ɗauke fansa a wurin mafi yawan malamai, Allahu a'alamu. To na Baba fa? Zan iya yanka masa ba da saninsa ba, ba da niyyarsa ba? Ban gamsu ba.

Sai na je wa Fahad, nan ne abin ya ɓaci. Ya ce shi ya san hanyoyin dajin nan tun ina firamare, wai ina so in ce ya kai mahaifinsa ya saɓa wa Allah. Na ce laifin nawa ne ba nasa ba, ni aka tambaya. Ya ce Baba yana da hawan jini, kuma na san abin da mutumin nan yake alfahari da shi a duniya, in na karya masa shi a kan wani itace da ni kaina ban tabbata ba, kuma wani abu ya same shi, to kada in sake taka ƙofar gidansu. Mun rabu ba sallama. A gaskiya ban ga laifinsa sosai ba, tsoro ne a idonsa ba ƙiyayya ba.

Da abin ya tsaya a nan wataƙila da na haɗiye shi har abada. Amma Juma'ar da ta wuce muna cin abinci Baba ya ce Asabar mai zuwa zai koma, kuma ya gayyaci abokansa uku tsofaffi daga unguwar Utaibiyya. Har suna ya sa wa wurin, Kwarin Ustaz. Na ji shi a waya yana ce wa ɗaya, "Kada ka damu da iyaka, malami ne ya tabbatar, mai digiri, wanda ba ya cewa ba shakka sai ya tabbata." Na ajiye lomar da ke hannuna. Na gwada dabara, na ce Baba me zai hana mu koma tsohon wurinmu, ya fi inuwa. Ya yi dariya ya ce, "Inda ka yi mako uku kana harbin iska? Allah Ya buɗe maka a wuri kuma ka guje shi?" Hajiya ta ƙara min nama ta ce in ci, na rame. Fahad yana gefe yana kallona.

To ga inda nake. Idan na yi shiru, tsofaffi huɗu za su je su yi harbi a kan maganata, a wurin da mai yiwuwa Harami ne, wannan karon kuma ina sane. Zan iya raka su in ja su zuwa itacen waje da wayo, amma tsuntsu ba ya sanin ginshiƙi, kuma ba kullum zan kasance tare da su ba. Idan na ce wa Baba na sake dubawa ne na ga wurin ya yi kusa da iyaka, na tsaya a nan, Asabar za ta tsira, amma na san shi, tambayar farko da zai yi ita ce, "To ranar fa?" Sai in sake yi masa ƙarya ko in faɗa duka. Idan kuwa na faɗa duka, zan iya raba dattijo da abu ɗaya tak da yake ganin ya ajiye wa lahirarsa, kuma mai yiwuwa a banza, in ashe a waje muke. Ba na ɓoye muku, ina kuma tsoron ranar da zai daina kirana Ustaz.

Ku gaya min, ya zan yi? In faɗa masa duka, har da dalilin da ya sa na ce ba shakka? In fara bi ta wajen Hajiya? Ko in nemi wani malami babba da yake jin nauyinsa mu je tare? Masu ilimi a cikinku, shin wanda ya yi harbi bisa maganar wanda ya amince da shi, in ya tabbata a ciki ne, za a iya ce masa da gaskiya bai ɓata abin da ya tsare shekara da shekaru ba? Idan akwai wannan maganar ina so in tafi da ita a bakina, don ita kaɗai nake ganin za ta riƙe shi.

Na ƙarshe, na san Mustafa yana cikin zauren nan, haka ku biyun da kuka biyo mu a motar baya, kun riga kun gane ni, ba komai. Don Allah duk inda na kauce ku gyara min ta hannun admin. Sau nawa Fahad ya yi hagu? Da muka zauna shan shayi, ginshiƙin yana tsakaninmu da gari ne ko muna tsakaninsa da gari? In akwai wanda ya ɗauki hoto a wayar da ke ajiye wuri, ya turo, ko da abin da ba na son gani ne. Zan jira har sallar Juma'a. Bayan an sauko dai dole in je cin abinci, kuma Baba ya ce in zo da wuri, akwai bindigar da ya ajiye min.